Maɓallin rigar Kofur Garba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, kuma kuskuren da ke cikin labarin nawa ne. Abin da ya fi hana ni shi ne sirrin wani gida ne ya faɗo hannuna. Sai da na je na nemi izininsu, suka ce in rubuta, sannan na zauna. Ina rubuta shi ne domin 'yan'uwana masu sana'ar turi, musamman waɗanda suka shigo bayanmu.

Ban taɓa mantawa da ranar Lahadin da na kulle shago da rana tsaka na ruga Sabon Gari ba. Da damina ne, shekara uku ke nan.

Ga wanda bai san aikin ba: shagonmu a Samaru yake, Alhaji Sale ne maigida, ni ke kan kwamfuta. Mutum zai kawo waya ko memori, ya faɗi fim ɗin da yake so, in tura masa. Finafinan waje iri biyu ne a wurinmu. Akwai na asali, akwai mai fassara, wato wanda aka danne maganar 'yan wasan, mutum ɗaya ya hau kai da Hausa, shi ne sojan, shi ne matar sojan. Mai fassara ba ya tsayawa kan abin da aka faɗa. Yana ƙara barkwancinsa, kuma shi jama'a ke bi. Da zarar an haɗa, ba ka iya cire muryarsa.

Fim ɗin yaƙi ya fi komai tafiya a wurinmu. Ɗalibai suna son mai dogon zango, su yi ta gardamar wane kwamanda ya fi dabara. 'Yan acaɓa kuwa a ba su jarumin da harsashinsa ba ya ƙarewa. Ni ina da ƙa'ida ɗaya: ba na tura abin da ban kalla ba, in na daɗe da kallonsa sai na sake dubawa, kuma ina da littafin da nake rubuta wanda bai dace da yara ba. Alhaji yakan ce, "Isiya, kai da hali ne sai ka wanke fim da sabulu kafin ka ba mutum."

Kusa da mu akwai shagon kayan masarufi na Anti Komfot. Iyayenta mutanen Kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife ta. Ranar wata Asabar ta shigo da mahaifinta, Baba Etim, tsohon saje mai ritaya, dogo, yana dogara sanda. Hausarsa ta bariki ce, amma ba ta da gyara.

"Yaro, ina neman wani fim," in ji shi. "Ban san suna ba. Sau ɗaya na gani a talabijin, na tashi na fita waje."

"Baba, me ka tuna a ciki?"

"Soja biyu cikin rami, ana ruwa. Maɓallin rigar ɗaya ya fita. Ɗayan ya ciro allura yana ɗinka masa, rigar na jikinsa. Bai gama ba aka harbe mai rigar. Allura na lilo a ƙirji."

Na san fim ɗin nan take. Tsoho ne, ba a cika tambayarsa ba, kuma mai fassara kaɗai gare mu. Na gaya masa haka. Ya ce ai gara ma, jikokinsa sun fi jin Hausa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kwamfuta na kan ɗan cajin da ya rage. Na ce a raina ai na taɓa kallonsa, na tura masa a memori ban sake dubawa ba. Karo na farko ke nan da na karya ƙa'idata.

Bayan ya fita Anti Komfot ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Isiya, ka san ƙanena Garba?"

"Mai gyaran fanka? Na san shi."

"Ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi ɗan gidan Etim yake amsa Garba? Mu ma ba mu sani ba. Baba bai taɓa yi mana maganar yaƙin da aka tura su ba, ko Mama har ta rasu ba ta ji ba. To jiya ya ce kowa ya hallara gobe bayan coci, ƙarfe biyu. Wai bakinsa ba zai iya ba, fim zai faɗa mana."

Washegari da na buɗe shago maganar ta ƙi barina. Kwastomomi suka riƙe ni har wajen ƙarfe ɗaya, sannan na samu na buɗe fim ɗin na ja shi zuwa wurin ramin. Sojan ya ciro allura, sai mai fassara ya ce, "Jama'a ga telan kasuwa ya buɗe shago a fagen fama." Da harsashi ya sami abokin ya faɗi, sai ya ce, "To tela, kwastoma ya tafi ba sallama." Har da 'yar dariyarsa. Sai a lokacin na tuna ni ma na yi dariya a wurin da na fara kallonsa.

Na kira Anti Komfot, wayarta a kashe tun coci. Na kira Alhaji.

"Alhaji, zan rufe shago."

"Wani ya mutu ne?"

Na yi masa bayani a gurguje.

"Isiya, damuwarka ta yi yawa. Tsohon soja ne fa, ya ga abin da ya fi barkwanci." Sannan ya ce, "Je ka. Ka sa kwaɗo biyu."

Na hau bas, muka maƙale a Kwangila saboda ruwan da aka yi, na sauka na hau acaɓa. A hanya lissafi nake yi: wurin ramin yana minti hamsin da fara fim. In sun fara ƙarfe biyu daidai, uku saura minti goma za su kai wurin, kuma soja ba ya latti.

Gidan yana wajen Jushi. Na yi sallama na shiga falo, mutum sun kai goma sha biyu, duk da kayan coci a jikinsu. Baba Etim na kan kujera a tsakiya, ya sa tsohuwar hularsa ta soja. Yara suna ta dariya, shi fuskarsa a ɗaure. A talabijin an riga an fara ruwa, sojojin biyu suna gangarawa rami.

Ban tsaya gaisuwa ba. Na ɗauki rimot daga kan tebur na kashe murya.

"Malam Isiya, lafiya?" in ji Garba. "Ka shigo gidan mutane ka kashe musu kallo?"

Na durƙusa gaban tsohon. "Baba, ka yafe mini. Laifina ne, ban duba ba. Abin da mai fassara ya faɗa a nan bai kamata ka ji ba. In ka ce in mayar, zan mayar."

Ya dube ni, ya dubi talabijin. "Bar shi haka," in ji shi. "Tun ɗazu wannan mai surutu ya ishe ni."

Sojan ya ciro allura. Babu mai magana a fim, babu a ɗaki. Can sai muka ji muryar Baba Etim, a hankali, idonsa na kan hoton.

"Namu ba rami ba ne, bayan mota ne. Ni ke da allura. Kofur Garba bai iya ɗinki ba, ko zare bai iya sawa. Ya ce, Etim, ɗinka mini, kada in mutu ciki a waje kamar mahauci. Na ce tsaya mana, kana motsi."

A talabijin mai rigar ya faɗi. Baba Etim bai tsaya ba. Ya faɗi garin su Kofur Garba, da yadda yake raba masa ƙuli-ƙulin da uwarsa ke aiko masa, da yadda yake tsare masa wuri in zai yi addu'a, shi kuma ya tsare masa in zai yi salla. Ya ce shi ya ɗauke shi a kafaɗa. Fim ya ci gaba ba murya har ya ƙare, ba wanda ya kula. Garba mai gyaran fanka, mutum mai 'ya'ya uku, ya sauko ƙasa ya zauna jikin ƙafar ubansa.

Da zan tafi tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "Ka nemo mini wanda ba a yi surutu a kai ba. Ina so in ji abin da su biyun suka ce wa juna."

Tun ranar na san abin da ke sa fim ɗin yaƙi ya zauna a ran mutum. Na tura ɗaruruwa, kuma in ka tambayi mai kallo bayan shekara, ba ya iya gaya maka tanka nawa aka fasa. Ƙaramin abu yake riƙewa, kamar allurar nan. Ban ce fassara laifi ba ce, da ita muke cin abinci, kuma ta kai fim gidajen da Turanci bai shiga ba. Amma ba mu san wanda zai zauna gaban abin da muka tura ba. Yanzu duk wanda ya nemi fim ɗin yaƙi, in na ga furfura a kansa, sai na tambaye shi da wa zai kalla. Kuma ko wuta ta ɗauke, sai dai ya dawo gobe.

Saura alkawarin da ban cika ba. Sunan da masu fassara suka sa wa fim ɗin na Hausa ne, ba ya kai mutum ga na asali, kuma an yanke rubutun farkonsa. Na tambaya a Samaru, na tambaya a kasuwar Sabon Gari, ban dace ba. Baba Etim yana nan da ransa, amma jinsa ya fara raguwa. Duk wanda ya san sunan fim ɗin da soja ke ɗinka wa abokinsa maɓalli cikin ruwan sama, ko yake da na asalinsa, don Allah ya aiko wa masu turi na Samaru, ya ce a ba Isiya. Ina so tsohon ya ji maganar nan tun kunnensa na ji.