Ranar da Barira Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Barira mai awaki, Allah ya jiƙanta, ba mace ce mai daɗin zama ba, ita ma ta san haka. A wani ƙauye kusa da Shanono ta yi rayuwarta. Ubanta mahauci ne, a gunsa ta koyi duban dabba. In akuya ta fara ramewa sai ta kama kan akuyar, ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. In cikin ja ne, da sauran kwana. In ya yi fari fat, to jini ya ƙare, ko tsutsar ciki ta shanye shi, ko kaska, ko yunwa kawai.

A shekarun farin nan da gero ya bushe a tsaye, awakinta goma sha ɗaya suka koma uku. Kowacce sai da idon ya yi fari, haɓa ta kumbura, sannan ta kwanta.

Lokacin 'yarta ta fari, Zuliha, tana aure a gidan Nababa da ciki wata bakwai. Tunda ta haife ta Barira ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", ba ta kuma taɓa taka gidan aurenta ba. Kunyar 'yar fari ke nan, kowa haka ya taras.

A bakin rijiya labari ya same ta. Wai yarinyar jiri take yi, ƙafa ta kumbura, taɓarya ma haki take sa ta, har ƙasar bango take ɓantara tana ci. Wai surukarta Hure ta ce mataccen jini ne ya taru, ta kira Dallatu wanzami ya yi mata ƙaho yau.

Nan Barira ta bar tulunta. Ta shiga gidan da sallama ɗaya, ba ta jira amsa ba. Ta tarar da yarinyar zaune a tabarma, ƙaho biyu kafe a bayanta. Ta durƙusa, ta kama haɓarta, ta ja fatar idon. Fari fat.

"Ke Barira, akuya kika samu?" in ji Hure. "Matar ɗana ce wannan."

"Da akuyata ce, wuƙa zan nema kafin ta zama mushe. Malam Dallatu, cire ƙahon nan. Ɗan abin da ya rage mata kake zuƙa."

Dallatu ya ce tun ba a haifi yarinyar ba yake wannan aiki, ba mai kiwon awaki ce za ta koya masa ba. Hure ta shiga kiran maƙwabta su zo su ga uwar da ta zubar da kunya. Nababa, mijin yarinyar, ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya ce duk matar da ta ƙetare zaurensa ba izininsa, ta fita da igiyarta a hannu.

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta kasa motsi. Barira ta fizge ƙahon da kanta, ta yar a ƙasa.

"Zuliha, tashi."

Matan da suka taru suka riƙe baki. Zuliha ta ɗago ta dubi uwarta, don ba ta taɓa jin sunan nan a wannan muryar ba. Ta dafa bango ta miƙe.

A kan jaki aka kai ta bakin titi, daga nan mota zuwa asibiti. Aka ce sai an ƙara mata jini. Aka aika gidan Nababa, Hure ta ce jinin gidansu ba na ɗurawa a leda ba ne. Barira ta miƙa nata hannun, duk da ita ma ba a ƙoshe take ba. Ɗan cikin bai zo da rai ba. Zuliha ta tashi, takardar saki ta riga ta isa gida.

Shekara ashirin da biyu Barira ta ƙara a duniya, ana ce mata marar kunya, wasu a bayan ido, wasu a gabanta. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba. In suka haɗu da Hure a hanya, kowacce gefenta take tofar da yawu ta wuce. Ranar da Barira ta rasu ba wanda ya zo gaisuwa daga gidan Nababa. Zuliha ce ta zuba mata ruwan wanka.