Shamuwar Malam da Shamuwar Baba

Yau da safe shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gidana, sai na kama dariya ni kaɗai.

Muna aji bakwai a Malumfashi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, malaminmu mutumin Kudu ya ba mu waƙa mu yi sharhinta a gida. A cikin waƙar, mawaƙin yana tsaye yana kallon shamuwa. Malam ya ce baƙin tsuntsu alamar baƙin ciki ce, mu faɗaɗa.

Na karanta wa Baba yana gyaran fartanya.

Ya ce, "Baƙin cikin me? Ranar da shamuwa ta iso ai maƙera muke kai garma. Mutumin nan murna yake, damina ta kusa."

Haka na rubuta, ko da yake Malam ba ya wasa da bulala.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka?"

"Babana, Malam."

Ya ba ni cikakken maki. Ranar Asabar sai ga shi a keke har ƙofar gidanmu, ya zo tambayar Baba, wai yaushe zai shuka masararsa?

Allah ya jiƙan Baba, bai taɓa shiga aji ba. Ku fa, wa ya taɓa warware muku darasi a gida?