Sawu Biyun da Na Cinye wa Dattijon Jawa

Shekarun da na yi ina tura keken tsofaffi a Harami, ba ni da takardar zama, ina kwana a wani ɗaki mai warin kwata a unguwar Nakkasa. A sana'ar nan na koyi mugun hali. Sa'ayi sawu bakwai ne, daga Safa a ƙare a Marwa, amma sawu biyar ma a Marwa yake ƙarewa. In alhaji ya shagala, sai mu cinye biyu mu koma neman wani.

Wata rana da hantsi na ɗauki wani dattijo ɗan tsibirin Jawa da ya zo Umra, ƙafafunsa a kumbure. Yana jin Larabci kaɗan. Tun sawun farko ya ciro waya yana nuna mini hotunan garinsu.

Kwari ne tsakanin duwatsu biyu a tsibirinsu, ɗayan yakan yi hayaƙi. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, kogi ya ratsa tsakiya. Ya ce in ka bi kogin sama, za ka tarar da ruwa na zubowa daga kan dutse, kusa da wani marmaro mai zafi da masu ciwon gwiwa ke shiga. Birai kuwa har hula suke fizgewa.

"Ɗana, ka zo, ni zan kai ka da kaina. Gonata ta bakin kogin na sayar na zo nan."

"In sha Allahu, Alhaji," na ce. Na tambaye shi nisan teku daga kwarin, don kawai kada ya ƙirga.

A sawu na biyar na tsaya. Ya ce, "An gama?" Na ce, "Bakwai cif." Ya riƙe hannuna yana yi mini addu'a. Wani abokin sana'ata ya gitta, ya ce, "Ɗan banza, har ka gama? Yau ma jirgi ka tuƙo?" Na yi dariya. Wallahi na yi dariya. Tir da ni.

Kwana uku abin yana damuna. Na je wajen wani ɗalibin ilimin addini Bakano na faɗa masa. Ya ce sa'ayin bai cika ba, in nemo mutumin tun bai bar Makka ba.

Na bi masaukan unguwar Misfala ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe mai gadi ya ce, "Sunansa?" Ban taɓa tambaya ba. Ya ce ayarin 'yan Jawa ya wuce Jidda tun jiya.

Washegari na koma tura keke. Sai da na ƙara wata biyu kafin na daina cin sawu.