Tsinken da Malam ya bari a littafi

Wa ya jefa zoben nan a rijiyar karofi? Har yau ban sani ba, kuma da alama haka za a kai ni makwancina ban sani ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce, “Hajiya, ki yi ta istigfari, wannan ai labarin ƙarya ne.” To na ji, ƙarya ne. Amma ni aka karanta wa shi.

Ban yi boko ba. Autata ce ke rubuta wannan, ni nawa faɗi. Malam, mijina, tela ne a kasuwar Daura, da girmansa ya koyi boko a ajin manya. Da hannunsa ya fara rawa ya bar keken ɗinki, sai ya zaro wani tsohon littafi daga ƙasan adaka, bangonsa ya daɗe da yagewa, ya ɗinke masa riga da ƙyallen shadda. Kullum bayan la'asar ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar tsakar gida, ina tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa, shi yana karantawa a hankali, yatsa a kan layi.

Labarin wani gidan marina ne, tun kafin zuwan Turawa. Babban ɗan gidan ya bi ayarin fatake, aka dawo aka ce ya mutu a hanya. Shekaru suka shuɗe, sai ƙanwarsa ta sa a yashe wata rijiyar karofi da uban ya hana kowa taɓawa, aka tsinci zoben yayanta a cikin laka. Ashe ko ƙofar gari bai fita ba. Daga nan kowa a gidan ya zama abin zargi. Ni dai tun farko baffan yaron na kama, mai yawan kuka a zaman makoki.

“Malam, baffan ne ko?”

“Ke da gaggawa aka haife ki.”

“Ai ka sani, ka taɓa karanta shi.”

“Na sani mana. In na faɗa miki yau, gobe wa zai kawo mini kunun tsamiya?”

Haka yake yi mini. Daidai inda rai ya tsaya, nan zai rufe, ya zari tsinken tsintsiya ya sa a wurin. In na yi fushi ya ce na fi marinan zafin kai. Mun yi shekara arba'in da ɗoriya tare, amma ban taɓa jin muryarsa ta yi mini daɗi kamar a watannin nan ba.

Saura 'yan ganye kaɗan mu gama littafin, Allah Ya karɓi abinSa. Da wannan ba ni da ja. Abin da ya biyo baya ne ke ci mini rai.

Ina cikin takaba, bayan sadakar bakwai, babban ɗana ya zo daga Kano ya shiga ɗakin ubansa yana kwashe kaya. Daga ɗakina ina jin jan adaka. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in ɗaga murya in kira shi ga baƙi cike da gida. Sai da aka watse na aiki auta ta tambaye shi littafin mai rigar shadda. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

“Inna, Yaya ya ce littattafan addini an kai masallaci. Na bokon kuma tarkace ne, ya ba mai ƙosai ta bakin tasha.”

Tarkace! Ya raba hulunan ubansa, ya ajiye wa kansa almakashi, tsohon takalmi ma sai da ya sama masa mai so. Abu ɗaya tak da ni da ubansa muke tsakiyar yi, shi ya ga ya dace da naɗin ƙosai. Wa ya tambaye ni? A ganinsa wadda ba ta iya karatu ba me za ta yi da littafi. Na tura auta tasha a ranar, ta tarar matar ta tafi biki Mashi. Ni kuma ba halin in taka ƙofar gida.

Da na fita takaba, kafin in je gaida kowa tasha na nufa. Matar ta ajiye matsami ta dafa ƙirji.

“Ayya Hajiya! Da na sani! Ai takardar nan mai kyau ce, tana shan mai. Ko kasuwa biyu ba ta yi ba.”

Wato ƙarshen labarina ya bi motocin Katsina da Kano, kowa ya ci ƙosansa ya goge hannu ya yar ta taga.

Daga baya ɗan nawa ya aiko a tambaye ni sunan littafin, wai zai sayo mini sabo. Ina zan san sunansa? Bango babu, ni da Malam kuwa “littafinmu” muke cewa. Auta ta zaga masu sayar da littattafai tana ba su labarin zobe da karofi, kowa ya girgiza kai. Ko da an samo ma, wa zai rufe mini shi a daidai inda rai ya tsaya?

Wani lokaci har shi Malam ɗin nake jin haushinsa, Allah Ya gafarta masa. Ya sani, ya tafi da abinsa. Ranar ƙarshe mun kai inda ƙanwar ta shiga turakar tsohon ubanta, ta ajiye zoben a gabansa, tsohon ya buɗe baki zai yi magana. Sai aka kira magariba. Na ce, “Don Allah Malam, ganye ɗaya.” Ya yi dariya, ya sa tsinke, ya miƙo mini littafin, ya ɗauki butarsa. A sahun salla ya faɗi, da aka shigo da shi ba ya magana. Abin da ya ce mini yana saka takalmi shi ne:

“Riƙe da kyau, Hajiya, kar tsinken ya faɗi. Nan muka tsaya.”