Ƙirgan Zabuwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ƙididdige kowane abu, babu ƙwayar gero da ke ɓoye masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu jikata ce Mariyama, 'yar shekara bakwai, wadda ta maimaita ajin farko a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu nan Damagaram. Mahaifinta, ɗana Habibu tela, ya ce in ta sake faɗuwa bana zai cire ta, wai ba ta da kan lissafi. Alhali yarinyar tana rera ƙirga da Faransanci daga ɗaya har ɗari ba tare da ta sarƙe ba. Wata rana na ce ta miƙo mini dabino bakwai. Ta yi ta rerawa tana ɗiba, ta kawo mini goma sha ɗaya. Nan take na tuna da Iya.

Iya ita ce mahaifiyar babana, a can Gaffati inda aka yanke mini cibi. Idan an gama kaka, ɗari ya fara shiga, da zarar mun ci tuwo bayan magariba sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo ƙwaryar gyadar iri tana ɓarewa. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafunmu ga wuta. Ba ta fara tatsuniya sai hannun kowa ya shiga aiki.

Daga cikin tatsuniyoyinta akwai ta zabuwa. Wai zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu, kuma duk cikin tsuntsaye babu mai haddar ƙirga kamarta. Kowace yamma sai ta hau jigawa, ta ɗaga kai sama, ta rero: ɗaya, biyu, uku, har goma sha biyu, ta ce, "Sun cika!" Ba ta duban ƙasa. Shirwa kuwa kullum sai ta fyauce guda. Kaza, maƙwabciyarta, ba ta iya waƙa ba. Bakinta take ɗorawa a kan kowane ɗan tsako, ta ce ɗaya, ta tura shi ƙarƙashin fiffike, sannan ta ce biyu. Zabuwa na yi mata dariya. Ranar da zabuwa ta sunkuya, sai ta ga ɗa guda ne ke bin ta, ita kuwa ta gama cewa goma sha biyu.

"Shi ya sa har gobe," in ji Iya, "ƙwan zabi kaza ake sa wa. Ƙurunƙus!"

Ni a lokacin ina taƙama da hadda, don na fi tsarana saurin wanke allo. Na ce, "Iya, ni na iya har ɗari."

"To, maigidana, ga gyada, ƙirgo mini ashirin na cefane."

Na yi ta rerawa ina turawa. Ta bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga goma sha huɗu.

"Wayyo ni! Ashe zabo na aura. Bakinka ya kai garin Mirriya, hannunka bai bar gida ba. Sake, miji, ka bar baki ya jira yatsa."

'Yan'uwana suka yi ta dariya, ni kuwa na yi fushi. Amma da kaka ta zagayo, ni babana ya tsayar wajen fitar da zakka: in taɓa dami tara a kai rumbu, na goma a jingine gefe, hakkin Allah. Daga baya da na zauna gaban malamaina ina karatun rabon gado, inda kuskuren kaso guda ke cin hakkin maraya, na gane cewa tushen wannan ilimi mai girma a bakin wutar Iya na same shi.

Saboda haka na ɗauki sandata na tafi lakwal. Malamar ajin su Mariyama, wadda yara ke kira Madam, yarinya ce mai ladabi, sa'ar 'yata ta ƙarshe. Na tarar da aji cike maƙil, tana nuna lambobi a babban allo, yara na amsawa da murya ɗaya har rufin kwano na amsa kuwwa. Da suka fita shan iska ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba Malam, wallahi ina ƙoƙari. Littafi na korata, kayan aiki babu. A baki duk sun iya, amma ranar jarrabawa sai ka ce ban taɓa shiga ajin ba."

Na ba ta labarin zabuwa. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi, sannan ta ce:

"Ai ni ce a kan jigawar, Baba."

Ban koya mata aikinta ba, don ta fi ni saninsa. Ita da kanta ta sa kowane yaro ya zo da 'ya'yan tsamiya da guntayen kara. Sukan zauna biyu-biyu, ɗaya na taɓawa yana faɗa, ɗaya na tsaronsa. Su fara da Hausa, sannan su maimaita da Faransanci. Kara ya kai goma, a ɗaure shi dami guda. Ta ce tafiyar ta yi nawa, har ta ji tsoron kada shekara ta ƙare ba ta gama littafi ba, amma ta daure.

Wata Asabar Habibu na ɗinkin wata riga a zaure, Mariyama ta tsaya tana bin gaban rigar da yatsa.

"Baba, ramuka shida ne, maɓallanka biyar. Saura ɗaya."

Ya tsayar da keke, ya ƙirga, ya dube ta, ya dube ni. "Wa ya aike ki, sarkin iyayi?" Kafin la'asar ya haɗa ƙyallayen da suka rage ya ɗinka mata jakar lakwal, har da ɗan aljihu na 'ya'yan tsamiya. Maganar cirewa ba ta sake tasowa ba.

Na daɗe ina karantar da manya, kuma na shaida cewa hadda ni'ima ce. Sai dai yaro ƙarami da hannu yake fara fahimta, harshe ya biyo baya. Wanda aka hana shi taɓawa, aka ce ba shi da kai, an zalunce shi. Allah Ya jiƙan Iya, Ya ƙara wa masu koyar da ƙananan yara haƙuri. Kai kuma mai karatu, Allah Ya albarkaci gidanka da zuriyarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.