Ranar Da Surukina Ya Tura Motar Yaya Hamisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, malamin fiziks a wata sakandare a Jikwoyi. Har yau in na tuna shi dariya ce ke riga hawaye zuwa.

Yana da wata akwalar mota da kik ɗinta, wato abin tayar da injin, ya daɗe da mutuwa. Mun yi mun yi ya kai ta garejin Apo, ya ƙi. Wai ƙasa tana jawo duk abu mai nauyi kyauta, don me zai wahalar da makanike? Kullum sai ya ajiye ta a kan tudu, ya saki birki, ya sa giya ta biyu, ta gangara ta tashi. Abuja kuwa ba a rasa tudu, sai abin ya zame masa hujja.

Ranar da za a nema mini aure a Yangoji, shi ya tsaya a madadin mahaifinmu, ni kuma aka bar ni a waje ina jira. Baba Audu, uban yarinyar, bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai zai yi shawara. Amma baƙo ba ya komawa hannu rabbana, aka loda mana doya har kujerar baya. Sai a lokacin Yaya ya lura ƙofar gidan a shimfiɗe take kamar tabarma, babu gangare ko na magani.

Samari duk suna gona. Na tura ni kaɗai, ko gezau. Na raɗa masa mu sauke doyar, ya ce mayar da kyautar suruki cin fuska ne. Sai ya leƙo ta tagar motar yana koyar da dattijon, wanda ya fito yi mana rakiya, cewa abin da ke tsaye ba ya motsi sai an sa masa ƙarfi, kuma tunda doya ta ƙara nauyi, dole a ƙara hannu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina shi ke nan, aure ya sha ruwa.

Baba Audu ya tuɓe babbar riga ya kafa kafaɗa. Mota ta yi tari, ta tashi, ta bule shi da hayaƙi. Yana haki ya ce, "Malam, na ba ku. Wanda bai ɓoye mini ciwon motarsa ba, ba zai ɓoye mini halin ƙanensa ba. Amma ranar ɗaurin aure ku shigo motar haya."

Da Yaya zai ga motocin yau masu giyar otomatik, waɗanda turi ba ya tayar da su, na san zai ce ba su san zumunci ba, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Motar ta zama ƙarafan gwangwan, lissafinsa ma ban riƙe ba. Abin da ya rage shi ne gidan da ya kafa mini, da kewarsa da ba ta raguwa. Ranar jana'izarsa mun so hana Baba Audu kama makara saboda tsufa. Ya ture hannuna, ya ce a bar shi, ai ya saba da nauyin mutumin nan.

Allah ya jiƙan Yaya Hamisu.