Ƙaramar Tukunyar Baba

A duk gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, kuma wallahi na tabbatar kowa ya san da haka. Aji uku na yi a kwaleji a Konni kafin jarrabawa ta kayar da ni. Na tattara komatsaina na dawo ƙauyenmu da ke gefen Tajaye, da ɗan faransanci a baki da girman kai fal ciki. Ƙarshen shekarun tamanin ke nan, ina da shekara goma sha takwas. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba, da Goggo, yayarsa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Yayyena maza sun tafi bida kurmi, wato ci-rani a kudu, sai damina ake ganinsu. Baba ba ya kiran sunana domin sunan mahaifiyarsa na ci, sai dai ya ce "uwata". Goggo kuwa in ranta ya ɓaci "ɗiyar lakwal" take ce mini, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban ɓata mata rai ba.

Sana'ar Goggo daudawar batso. Takan tara gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, ta dafa shi wuni guda, ta kirɓa da ruwan toka, ta rufe a tukunya har ya ruɓa yadda take so. Kai, warin nan! Tufafina, littattafaina, har gashin kaina sai da ya kama. A kwaleji ƴan matan birni sun sha toshe hanci in na wuce, kuma ban taɓa yafe wa daudawar ba. A gidan da aka saukar da ni a Konni na fara ganin dunƙule, ɗan mitsitsin abu a naɗe cikin takarda mai walƙiya, ana kawo shi kwali-kwali daga hayin iyaka. A murmushe guda a miya, shi ke nan, ba wari ba wahala. A ganina nan wayewa ta ƙare.

Goggo ko kallonsa ba ta son yi. Takan ce, "Abin da ban ga iccenai ba, ban ga gonatai ba, ba shi shiga tukunyata."

A kakar shekarar nan, ana jefa dammunan hatsi a rumbu, jiri ya ɗebi Baba ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce rana ce. Da abin ya sake faruwa sau biyu, na matsa masa muka tafi gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura masa wani ƙyalle a dantse, ya yi ta matsa ƴar roba yana kallon allurar ma'aunin, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Tsoho, jininka ya hau ƙwarai. Ga ƙwayoyi. Amma babban magani shi na, kai da gishiri kun rabu." Ya rubuta a takarda ya miƙo mini. "Ke da kinka yi lakwal, ke za ki kula da cimatai. Ku komo bayan wata guda in sake aunawa."

Na karɓi takardar nan kamar an naɗa mini sarauta. Muna isa gida na sayi ƙaramar tukunya, na kafa murhuna a gefen na Goggo, na ce daga yau abincin Baba a hannuna yake. Goggo ta taɓe baki, ta ci gaba da kaɗa miyarta.

Mako biyu na yi ina dafa masa miyar kuka ba gishiri. Ku da ba ku taɓa ɗanɗana ta ba, ku gode wa Allah. Baba mutum ne mai kawaici, ba zai ce miyar ba daɗi ba. Sai ya yi loma uku, ya wanke hannu, ya ce alhamdu lillahi. Na ga wuyansa yana ramewa, rigarsa ta fara yi masa yawa, ga sanyi ya soma shigowa. Goggo ta ce in bar ta ta sa masa daudawa da albasa da tafarnuwa da yawa, ta soya da ɗan man shanu, bakinsa zai saba a hankali. Na ce mata majo bai rubuta daudawa a takarda ba. Bai rubuta ba ɗin kuwa, amma gaskiyar magana ba na son ta taɓa tukunyata ne.

Ran kasuwa ina wucewa gaban teburin wani mai kayan miya, sai dabara ta faɗo mini. Majo gishiri ya hana. Gishiri kuwa kowa ya san shi, ga shi can an tsiba fari da ja. Dunƙule ai ba gishiri ba ne, launinsa daban, sunansa daban, kayan Turawa ne da aka yi da inji. Na sayo na ƙulle a bakin zane. Da yamma na murmushe guda biyu a ƴar tukunyar nan da ba ta fi cin mutum ɗaya ba, na ɗanɗana, na ƙara na uku.

Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya suɗe kwano. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwata, Allah shi yi miki albarka. Ashe ilimi na da rana." Daɗin da na ji a lokacin, har yau ina jin kunyarsa.

Goggo ta tsinci takardun dunƙulen a toka washegari. Ta zo da su a tafin hannu ta ce, "Ke, mi a wanga kike ba ƙanena?"

Na ce, "Abin da ya sa shi cin abinci."

"Kin san da mi anka yi shi?"

"Ke kin san da mi anka yi ƙwayoyin da shike sha? Goggo, don Allah ki tsaya ga ruɓaɓɓen gurguzunki, ki bar ma waɗanda sunka yi karatu aikin likita."

Haka na faɗa wa matar da ta goya ni. Ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta zubar da takardun a gabana ta koma ɗaki, kuma daga ranar ba ta ƙara sa baki a kan tukunyar ba.

Ɗarin shekarar ya yi tsanani. Goggo tana da nata tsarin na lokacin sanyi, wanda ba ta taɓa saɓawa ba: ta ɗumama wa Baba ruwan alwala tun asuba, ta dama kunun tsamiya da citta da kanumfari da masoro, ta shafe masa ƙafafu da man shanu saboda faso, ta hana shi fita sai hantsi ya ɗaga. Duk gidajen maƙwabta ana ta tari da majina, shi ko mura bai yi ba. Ni kuma ina nan da dunƙulena, rana da yamma, uku-uku, wani lokaci har a ɗan wake da kwaɗon zogale. Wata ya cika, ƙwayoyi suka ƙare, ba mu koma wurin majo ba. Baba ya ce mai cin tuwo kwano guda me zai je nema a gidan likita, ni ma na ga haka ne. Fuskarsa ta cika, ƙafafunsa suka yi nauyi har takalminsa na fata ya daina shiga. Maƙwabta suna cewa tsoho ya murmure, ni ina ta washe baki. Kumburi ne muke kira ƙiba. In ya ce ƙeyarsa na sara, sai mu ce sanyi ne, a ƙara masa rawani.

Wata uku muka yi a haka. Wata safiya yana zaune a jikin katanga yana shan hantsi, na kawo masa kunu. Ya miƙo hannun dama zai karɓi ludayi, hannun ya faɗi a cinyarsa. Ya dube shi kamar na wani. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace, yawu ya zubo a gemu. Na saki ƙwaryar na kurma ihu.

A amalanken jaki aka kai shi bakin hanya, daga nan motar kasuwa ta kai mu babban gidan likita a Konni. Bayan an ba shi gado, likitan da ya duba shi ya kira ni gefe, ya tambayi abin da yake ci. Na gyara tsayuwa, na amsa masa da faransanci don ya san da wa yake magana. Na ce wata uku da rabi ko ƙwayar gishiri ba ta shiga bakinsa ba, ni da kaina nake dafa masa, dunƙule kawai nake sa masa.

Ya ce, "Guda nawa?"

Na faɗa masa.

Sannan ya ce ko ina da shi a nan. Ina da shi kuwa, a bakin zanena, na zo da shi don in yi wa Baba miya a asibiti. Ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa, ya sa farce a ƙarƙashin ƙananan rubutun da ke gefe. Ya ce, "Karanta mini kalmar farko."

Gishiri. Ita ce kalmar farko a jerin abin da aka haɗa shi da su, da faransanci ƙarara, kalmar da ɗan aji ɗaya ya sani. Na warware takardar nan ya fi sau ɗari, na jefa a wuta, ban taɓa karantawa ba. Ni mai karatun gida! Likitan ya ce ba zai rantse cewa wannan kaɗai ya kayar da shi ba, akwai barin ƙwayoyi, akwai shekaru. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai, amma ran bai sanyaya ba.

Goggo tana tsaye a bayana, ba ta jin faransanci, amma ta ga takardar ta ga fuskata. Na jira ta yi mini wankin babban bargo a gaban jama'a. Ba ta ce uffan ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba. Da yayyena suka zo, ce musu ta yi ciwo daga Allah yake.

Muka dawo gida da Baba, ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshe ya yi nauyi, ba a gane maganarsa sai kalma ɗaya-ɗaya. Na bar wa Goggo girki. Ta yi irin miyar da ta ce tun farko, daudawa da albasa da tafarnuwa, ba gishiri. Na ɗanɗana a ɓoye, wallahi tana ciwuwa. Amma bakin Baba ya riga ya saba da tawa. In an kawo sai ya kau da kai, ya neme ni da ido, ya ɗaga hannun hagu yana murza yatsu biyu, yadda ake murmushe dunƙule. Ba wanda ya gaya masa abin da likita ya ce. Ni ya kamata in gaya masa, na kasa. Sai in ce, "Baba, babu shi kasuwa." Ya san ƙarya nake yi, domin daga shimfiɗarsa yana jin ƙanshinsa daga tukunyar maƙwabta.

Haka muka ƙare sanyi muka shiga bazara. Yana ramewa, yana murza yatsu, ina cewa babu. Tun yana kallona da roƙo har ya koma kallona da fushi, daga baya in na shigo sai ya juya fuska bango. A ganinsa na gaji da shi ne tun da ya zama kaya.

Wata ranar Laraba da la'asar Goggo ta same ni a bakin murhu. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye dunƙule guda a gabana. Ita da kanta ta je ta sayo, matar da ko taɓa shi ba ta yi. Ta ce, "Tashi ki yi mai miyarki."

Na ce, "Goggo, shi ya kashe mai jiki. Likita ya hana."

Ta ce, "Ɗiyata, na ga masu tahiya da yawa. Wanga ba shi kai damina. Mi ya rage da za ki tsare? Ki bar shi shi ci abin da ranai ka so daga hannunki."

Na ƙi. Na hau faɗa, ina kuka ina cewa ba za a sa ni in kashe ubana sau biyu ba, zai warke in aka bi dokar likita, na ɗauki dunƙulen na wurga shi bayan darnin kara. Tsoro ne ya hana ni, da kuma taurin kan nan nawa da bai taɓa barina ba. Goggo ta dube ni kawai ta tashi.

Daren farko na yi tunani, na biyu na sake yi. Ran Juma'a da safe na ce to, bari in yi masa, guda ɗaya ba zai yi kome ba. Na aika aka sayo, na hura wuta, na ɗora ƙaramar tukunyar. Ruwan bai kai ga tafasa ba Goggo ta fito daga ɗakinsa, ta tsaya a bakin ƙofa tana salati a hankali. Ta ce in sauke tukunyar, in ɗora babba, za a buƙaci ruwan wanka.